A bar kan sarki a jikin ambulansa

Yawancin 'yan uwanmu a Jidda da Makka, in suka ci karo da tsohuwar wasiƙa a akwatin iyayensu, sai su ɓanɓare kan sarkin su jefar da ambulan. A ganinsu daraja tana ga kan sarkin kawai, ambulan kuwa takarda ce da aka ɓata da hatimi. Da hujjarsu, domin hoton a jikin kan sarkin yake. Amma abin yana damuna ƙwarai, don asara ake yi.

Ɗauki kan sarkin da Bahrain ta buga na gadar Sarki Fahad, wadda ta haɗa ta da Saudiyya, mai tsawon kusan kilomita 25, aka buɗe ta a Nuwamba 1986. Shi kaɗai, gada kawai zai nuna maka, kuma irinsa suna da yawa. In yana manne a ambulansa kuwa, hatimin gidan waya zai faɗa maka garin da aka jefa wasiƙar da ranar, adireshin ya nuna inda ta nufa. Idan ranar ta dace da ranar da kan sarkin ya fito, masu tarawa sun fi nemanta, har adana ta suke daban.

Ɓanɓarewa a bushe ma tana kware bayan kan sarkin, ta karya haƙoran gefe, kuma wannan ba ya gyaruwa. In ambulan ya riga ya dagargaje, a yanko gefen da kan sarkin yake a jiƙa a ruwa har kan sarkin ya saki da kansa, sannan a shanya shi a inuwa.