Shekarar Farko Bayan Yaye Ce Ke Cinye Ɗaliban Kwalejojin Sana'a

A ƙarshen kowace shekarar karatu, kwalejojin koyon sana'a na gwamnati, irin su na Wudil da Ungogo da Bagauda a Jihar Kano da takwarorinsu na sauran jihohin Arewa, kan yaye matasan da suka shafe shekara uku suna koyon walda, ko aikin lantarki, ko gini, ko kafinta, ko gyaran mota. Kafin su fita sun zauna jarrabawar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar sana'o'i da kasuwanci, wadda aka kafa a 1992 kuma hedikwatarta take a birnin Benin na Jihar Edo, wanda ya ci kuma zai karɓi takardar shaidar NTC, wadda a hukumance ake karɓar ta wajen neman gurbin karatu kamar yadda ake karɓar ta WAEC da ta NECO. A wajen bikin ana yawan jawabi a kan dogaro da kai, a ɗauki hotuna, a ci abinci, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda yaron zai kasance da ƙarfe takwas na safiyar Litinin ɗin da ta biyo baya, alhali amsar wannan tambaya ce ke nuna ko kuɗin da aka kashe a kansa ya yi amfani ko ya bi ruwa.

A ganina, asarar da ta fi yawa a harkar ilimin sana'a tana faruwa ne a cikin wata goma sha biyun da ke biyo bayan yaye, lokacin da makaranta ta cire hannunta, kasuwa kuma ba ta karɓi yaron ba tukuna. Ɗalibin da ya mai da hankali yana fita da ilimin da yaron gareji ba shi da shi, domin ya iya karanta zane, ya san lissafin kaurin wayar da za ta ɗauki nauyin wuta, ya san dalilin da ya sa ake haɗa wayarin gida da ƙasa. Amma hannunsa bai faɗa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Aikin hannu yana cin kaya: sandar walda tana ƙarewa, ƙarfe da katako da siminti kuɗi ne, injin kuma sai da wuta ko man janareta. Inda aji guda ke layi a kan injin walda ɗaya, kowane ɗalibi zai kalli aikin sau da yawa fiye da yadda zai riƙe shi.

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon walda ya san yadda gwajin ranar farko yake. Maigida ba ya tambayar takarda, sai dai ya miƙo guntayen ƙarfe biyu ya ce a haɗa. Idan an gama, ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwashe ɓawon da ya rufe ɗinkin, nan take a ga ko ya tafi sumul ko ya cika da ramuka. Yaron da ya shigo shagon tun yana ɗan shekara goma sha biyu, wanda ƙila ko sunansa ba ya iya rubutawa da kyau, zai yi wannan aiki yana hira. Ɗan kwaleji kuwa hannunsa na rawa, sandar na maƙalewa, sauran yara na ƙunshe dariya suna cewa ɗan boko ya zo. Mutane da yawa daga wannan rana suke barin sana'ar. Idan ya juya wajen kamfani, inda takardarsa ke da daraja, sai a tambaye shi shekara nawa ya yi yana aiki, ya rasa abin cewa.

Wannan giɓi yana da tarihi. An tsara kwalejojin sana'a ne a zamanin da akwai manyan ma'aikatu da ke jiran waɗanda aka yaye. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a Kaduna a 1975, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa a Kano suna cike da ma'aikata, ga hukumar jirgin ƙasa, ga hukumar lantarki, ga ma'aikatar ayyuka. Waɗannan wurare su ne suke ƙarasa horon da makaranta ta fara, domin sabon ɗauka zai yi shekaru a ƙarƙashin tsohon ma'aikaci yana karɓar albashi har hannunsa ya nuna. KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta Kaduna ta bi sahu a 2007, masana'antun Kano da dama kuma suka koma rumbunan ajiyar kaya. Makarantun sun ci gaba da yaye ɗalibai a kan tsohon zato, wato cewa akwai wanda zai karɓe su a bakin ƙofa. Ko tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, wanda aka yi domin a cusa koyon sana'a tun daga ƙaramar sakandare, an san yadda ya ƙare a makarantu da yawa, inda injinan da aka sayo daga ƙasashen waje suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta kuma babu malamin da zai kunna su.

Akwai kuma abin da ke cikin zukatanmu, wanda ya girmi boko. A ƙasar Hausa sana'a tana da tsari da sarauta, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Magina, amma kuma an daɗe ana jera sana'o'i hawa-hawa, ana ɗaukar wasunsu a matsayin gadon wasu gidaje, har maganar ta kan taso a wajen neman aure. Boko da ya zo sai ya ƙara wani hawan, ya sa mai alƙalami a sama da mai guduma. Shi ya sa iyaye da yawa ba sa kai yaro kwalejin sana'a sai bayan ya rasa gurbi a makarantar kimiyya. Gwamnati ma ta taimaka wajen tabbatar da wannan kallo ta hanyar bambancin da take nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri a aikin gwamnati. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke bambancin a 2021, amma wa'adin gwamnatin Muhammadu Buhari ya ƙare ba tare da an sa masa hannu ba. Yaron da ke kallon duk wannan ba wawa ba ne idan ya sayi fom ɗin JAMB ya nemi wani kwas da ba shi da alaƙa da abin da ya koya. Ba na ganin laifin wanda ya ci gaba da karatu a fanninsa, ko ta babbar shaidar ANTC, ko difloma, ko digirin injiniya, domin ƙasa tana bukatar su. Wanda nake jin takaicinsa shi ne wanda bai samu gurbin ba, bai koma sana'ar ba, ya ƙare a kan hayar Adaidaita Sahu yana kai balas kullum da yamma, shekara uku na horo sun tafi a banza.

Abin haushin shi ne aikin yana nan. Masu gini a Abuja da Kaduna da Kano sun daɗe suna ɗauko masu shimfiɗa tayil da masu aikin silin daga Togo da Jamhuriyar Benin, suna biyan su da tsada, saboda aikinsu yana fita a miƙe kuma suna cika alkawari. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, irin aikin da ba a ba mai walda sai ya nuna shaidar ƙwarewa ta musamman ne, domin ana duba kowane ɗinki da na'ura. Motocin yanzu kuwa sai an sa musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu, kuma bakanike da ya iya karanta abin da na'urar ta nuna ya fi wanda ke kwance inji da lalube.

Harkar sola ta fi kowacce fito da maganar fili. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga masu amfani da lantarki 'yan rukunin farko (Band A) a watan Afrilun 2024, sannan Arewa ta shafe kwanaki a cikin duhu a watan Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta, gidaje da shaguna da masallatai suka koma wa hasken rana. Kowa ya zama mai haɗa sola. Sakamakon haka ana ganin batir mai tsadar gaske ya mutu kafin shekara, ana ganin waya ta narke a cikin silin, saboda wanda ya yi aikin bai lissafa nauyin kayan gidan ba, bai san yawan faifan da zai cika batirin ba, ya kuma yi amfani da siririyar waya don ya rage kuɗi. Wannan lissafi shi ne ainihin abin da ɗan kwaleji ya koya a aji. Da za a haɗa iliminsa da shekara guda a kan rufin kwano tare da gogaggen ma'aikaci, da babu mai karawa da shi.

A 2025 Gwamnatin Tarayya, ta bakin Ministan Ilimi Tunji Alausa, ta sanar da shirin farfaɗo da ilimin sana'a, wanda ya haɗa da karatu kyauta a kwalejojin sana'a na tarayya, da alawus na wata-wata ga ɗalibai, da karkata mafi yawan lokacin karatu zuwa aikin hannu. Mataki ne mai kyau, kuma zai jawo ɗalibai. Sai dai yawancin yaranmu suna kwalejojin jihohi ne, kuma cika aji da ɗalibai ba ya amsa tambayar ranar fita.

Wasu za su ce maganin shi ne jari, a ba kowane ɗalibi kuɗi ko kayan aiki ranar yaye. Ban yarda da wannan a matsayin matakin farko ba. Mun sha ganin rabon kayan sana'a na 'yan siyasa, inda keken ɗinki ko injin walda ke komawa kasuwa a rabin kuɗinsa kafin a naɗe rumfunan taro. Ɗan shekara goma sha takwas da ba shi da shago, ba shi da mai kawo masa aiki, bai san inda ake sayen ƙarfe da sauƙi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba, bai iya yi wa aiki kuɗi ba, jarin zai narke a hannunsa ko da yana da gaskiya. A al'adarmu ma maigida ba ya yaye yaro da kayan aiki kawai, yakan haɗa shi da mutanensa, ya tura masa ƙananan ayyuka, ya tsaya masa wajen karɓar kaya bashi. Wannan amana ita ce jarin gaske, kuma makaranta ba ta iya bayar da ita.

Abin da nake ganin ya dace shi ne jihohi su mai da shekarar farko bayan yaye wani ɓangare na karatun. Kowace kwaleji ta tantance masu gareji da shagunan walda da kafintoci da 'yan kwangilar lantarki da ke yankinta, ta tura musu ɗalibai da rubutacciyar yarjejeniya, gwamnati ta biya yaron kuɗin mota da abinci, ta biya maigidan wani abu. Ƙasar nan ta san irin wannan tsari, domin asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF da aka kafa a 1971 ya daɗe yana tura ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha zuwa ma'aikatu a ƙarƙashin shirin SIWES. Na san za a ce wasu iyayen gida za su mai da yaran 'yan aike, masu sayo abinci da wanke kayan aiki, kuma wannan tsoro yana da tushe. Hanyar toshe shi ita ce a riƙe kaso mafi tsoka na kuɗin maigida sai yaron ya ci gwajin ƙwarewa a ƙarshen shekara, malamin kwalejin kuma ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. A madadin haka, a buɗe wa yaran maigidan ƙofar kwaleji da yamma su koyi zane da lissafi, su samu takardar shaida. An fara irin wannan haɗin gwiwa tsakanin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da masu sana'ar kasuwar Panteka, kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta take nan Kaduna, tana da tsarin auna ƙwarewar wanda ya koyi aiki a wajen aji. Sai bayan an ci wannan gwaji ne maganar kayan aiki za ta yi ma'ana.

'Yan mata sun fi bukatar wannan tsari, domin uba da ya bar 'yarsa ta koyi aikin lantarki ko gyaran waya a makaranta ba lallai ya bar ta ta shiga kowane shago ba, amma zai fi natsuwa da wurin da makaranta ta tantance kuma take sa ido a kai.

Kuɗin ba zai gagari jiha ba idan ta duba kwangilolin da take bayarwa kullum. Kujerun makarantu, ƙofofi da tagogin asibitoci, fitilun titi masu sola, famfunan rijiyoyin burtsatse, duk ayyukan waɗannan yara ne, kuma ana iya sa sharaɗi a takardar kwangila cewa sai an ɗauki adadi kaza daga cikinsu. Sannan a wajabta wa kowane shugaban kwaleji ya ajiye rajistar ɗaliban da ya yaye da lambobin wayarsu, a kira su bayan shekara guda a rubuta wanda ke aiki a fanninsa, da wanda ya wuce karatu, da wanda ke zaune. Kwamitin ilimi na majalisar dokokin jiha ya nemi wannan rajista a gabansa duk lokacin da hukumar makarantun ta zo kare kasafin kuɗinta.