A fara binciken kasuwa kafin a kashe kuɗin gyaran tsakiyar gari

Duk lokacin da shagunan tsakiyar gari suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, abin da hukumomi ke fara tunawa shi ne kwalliya: a yi sabon daɓe, a kafa fitilu, a dasa itatuwa. Wallahi abin nan yana damuna, domin kuɗin jama'a ne ake zubawa alhali ba wanda ya tsaya ya tambayi inda masu sayen suka koma, da abin da ya kore su.

Amurka ta ɗanɗana wannan. A 1959 garin Kalamazoo na jihar Michigan ya hana motoci bin wani sashe na titin kasuwarsa, ya bar wa masu tafiya a ƙafa, da fatan dawo da mutanen da manyan kantunan bayan gari ke janyewa. Garuruwa da dama suka kwaikwaya, ciki har da Fresno a jihar California a 1964. Daga baya Kalamazoo ta sake buɗe wani ɓangare ga motoci a 1998, Fresno kuma a 2017. Titunan sun yi kyau, amma masu kuɗin saye sun riga sun tare a unguwannin gefen gari, da mota suke zuwa cefane.

Binciken kasuwa ba wani abu ne mai wuyar gaske ba. Mai shago ya riƙa tambayar duk wanda ya yi sayayya daga wace unguwa ya fito, a ɗiga amsoshin a kan taswira. Cikin 'yan makonni za a ga iyakar yankin da kasuwar ke ci. A tsayar da mutum bakin titi da littafi, ya ƙirga masu wucewa da safe, da azahar, da bayan an tashi daga aiki. Sau da yawa a nan ake gano cewa shaguna na rufewa daidai lokacin da ma'aikata ke samun sararin fitowa saye.

Sashen da na fi ba muhimmanci shi ne kwatanta abin da mazauna yankin ke kashewa kan wani kaya, a ce takalma ko magani, da abin da shagunan wurin ke sayarwa. Idan kashewar ta zarce cinikin, to kuɗi na zurarewa zuwa wani wuri. Amma fa a yi hattara, giɓi ba ya nufin a ruga a buɗe shago. Wataƙila ta intanet mutanen ke saye, wataƙila wani babban gari na kusa ne ke ɗauke su. Tun 1931 wani masanin harkar kasuwanci ɗan Amurka, William Reilly, ya bayyana cewa gari yana jan masu saye gwargwadon yawan jama'arsa, kuma ƙarfin jan yana raguwa sosai da nisa. Ƙaramin gari ba zai kayar da babba a komai ba, sai dai ya nemi abin da mutane ba sa son yin doguwar tafiya dominsa.

Su ma shagunan da ke kulle a bi su ɗaya-ɗaya: wa ya mallake su, nawa yake neman haya, me ya sa benen sama yake wayam? Idan aka mayar da benayen nan gidajen zama, an samu masu saye a ƙofar shago kullum.

Roƙona ga shugabannin 'yan kasuwa, kada ku bari a ɗauko ƙwararre daga nesa ya rubuta rahoto a jefa a durowa. Ku shiga ƙirgar da kanku, ku nemi a karanta muku sakamakon a bainar jama'a kafin a sa hannu kan kowace kwangila.