Ku daina canza wa Punisher yaƙi kamar riga

Tun jiya da daddare raina a ɓace yake kan maganar nan, wallahi sai na amayar da ita zan samu sukuni. Muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i ƙanina ya miƙo min wayarsa, yana nuna min wani shafi na littafin zanen Marvel inda aka ce wai Frank Castle, wato Punisher, jarumin da ke kashe miyagu da hannunsa wanda muka sani tsohon sojan Amurka ne a yaƙin Biyetnam, a yaƙin Siancong ya yi soja. Na ce Siancong kuma? Ina Biyetnam ɗin? Yaron nan ya ɗaga kafaɗa ya ce "Yaya to meye a ciki, ai yaƙi yaƙi ne." Wannan kalmar ce ta hana ni barci.

Yaƙi yaƙi ne? Haba jama'a.

Ku da muke bin labaran nan tare kun san abin da aka yi a 2019, lokacin da marubuci Mark Waid ya rubuta tarihin duniyar Marvel gaba ɗaya. Suka ɗauko wata ƙasa ta ƙarya da babu ita a taswira, suka ƙirƙira mata yaƙi mara shekara, sannan suka kwashe mutane suka zuba a ciki: Frank Castle, Reed Richards, Ben Grimm, James Rhodes, kowa da kowa. Dalilin kuwa a fili yake, so suke jarumansu su dawwama a shekara talatin da wani abu, to in ka ce mutum ya yi Biyetnam yau ya haura saba'in. Ni kuma na ce wannan tsoro ne da ganda, ba dabara ba ce, kuma Punisher aka fi cuta a ciki.

Frank Castle ya fara fitowa a 1974 a cikin labarin Spider-Man, fitowa ta 129. Ku dubi shekarar da kyau. Sojojin Amurka sun janye daga Biyetnam a 1973, Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, bata faɗi ba sai 1975, wato ciwon ɗanye ne shakaf lokacin da aka zana mutumin nan. Amurkawa sama da 58,000 sun mutu, mutanen Biyetnam kuwa sun haura miliyan, an kwashi samari dole an kai su daji, labarin kisan fararen hula da sojojin Amurka suka yi a ƙauyen My Lai a 1968 ya fasu kowa ya ji, waɗanda suka dawo kuma suka tarar ƙasar ta rabu biyu a kan yaƙin, babu mai son jin abin da suka gani. Daga cikin wannan tokar aka ɗebo mutumin da ya daina yarda da kotu, da ɗan sanda, da gwamnati. Kashe matarsa da 'ya'yansa biyu da aka yi a Central Park ashana ce kawai, man fetur ɗin tun daga dajin Biyetnam ya taho da shi.

Duk wanda ya karanta Born na Garth Ennis, littafin zane kan zaman Frank a Biyetnam wanda ya fito a 2003, ya san me nake nufi. Shekarar 1971 ce, wani sansani da an riga an manta da shi a kusa da iyakar Kambodiya, sojoji sun lalace da ƙwaya, shugabansu ya sallama, kowa lissafin kwanakin komawa gida yake, Frank kaɗai ne baya son yaƙin ya ƙare. Zuwansa na uku kenan. Na karanta shi a waya da allo a tsage, wuta ta ɗauke, caji na saura kaɗan, amma ban iya ajiyewa ba har sai da na kai inda jirage suka iso da safe suka same shi tsaye shi kaɗai cikin gawawwaki. Ka gaya min ta yaya za ka cire wannan ka dasa shi a wata Siancong da babu uwa ɗaya a duniya da ta taɓa rasa ɗa a cikinta? Babu kabari, babu maraya, babu wanda ya ji kunya. Yaƙin da bai ci kowa ba ba zai haifi Punisher ba.

Nasan abin da wasu za su zo su ce min. Wai ai dama haka ake yi tun da can, ga Tony Stark nan, wato Iron Man, a 1963 a Biyetnam ya ji rauni aka kama shi, daga baya aka maido abin Afganistan, fim ɗin 2008 ma a can ya faro kuma babu wanda ya yi kuka. Malam Tony ba soja ba ne, ɗan kasuwar makamai ne, kuma mai sayar da makami duk inda ake harbi kasuwarsa ce, ɓaraguzan bam ɗin da suka shige masa ƙirji basu damu da sunan ƙasa ba. Kar ka haɗa min su. Wasu kuma su ce ai ɗan wasa Jon Bernthal ya yi ƙoƙari a shirin Netflix da aka mayar da Punisher sojan Iraƙi da Afganistan. Ya yi ƙoƙari, ni ma na kalla na yaba, amma wani mutum ne daban aka saka wa rigar Punisher mai ƙoƙon kai. Sojan da ya je Kandahar cikin rundunar da kowa da ƙafarsa ya shiga, ya dawo ana yi masa godiya a filin jirgi, ciwonsa gaskiya ne kuma babba ne, sai dai ba irin na wanda ya dawo a 1971 ba ne. Ko ba komai dai su sun ba shi yaƙi na gaske mai suna. Siancong fa?

Mu nan ma mun san wannan ba sai an koya mana ba. Ina yaro akwai wani tsoho a layinmu cikin waɗanda Turawan Ingila suka kai Burma, in ruwan sama ya kece da ƙarfi sai ya yi shiru ya daina magana da kowa. Akwai kuma wani maƙwabcinmu da ya je Laberiya da ECOMOG, shi abin da baya so shine ya ga yara suna wasa da bindigar kara. Duk sojoji ne, amma je ka ce wa ɗayansu yaƙinsa da na ɗayan duk ɗaya ne ka ga irin kallon da zai maka.

Abin da yafi ƙona min rai shine sun san hanya in sun ga dama. Captain America tun 1941 yake manne da yaƙin duniya na biyu, suka daskarar da shi a ƙanƙara, a 1964 suka farfaɗo da shi, yanzu kullum sai dai shekarun barcin su ƙaru. Nick Fury, shi ma sojan wannan yaƙin, suka ƙirƙira masa magani mai hana tsufa. Magneto babu wanda ya isa ya raba shi da sansanin 'yan Nazi na Auschwitz. Wato yaƙin da suka ci da alfahari an nemo masa dabara an riƙe shi gam, wanda suka sha kashi da kunya kuma shine aka ce ya tsufa a goge. Ennis ya bar nasa Frank ɗin ya tsufa, da furfura da tabo da ciwon jiki, kuma shine mafi kyawun Punisher da aka taɓa rubutawa. Meye laifin tsufa? A bar mutum ya tsufa, in ya mutu ya mutu, a ƙirƙiro sabon soja daga sabon yaƙi a ba shi nasa sunan.

Ƙanin nawa dai na tura masa Born na ce kar ya sake min magana sai ya gama. Ina cikin nema masa ne ma na tuna da Dakta Watson abokin Sherlock Holmes. A littafin farko na 1887 likitan soja ne da aka harba a Maiwand, a Afganistan, a yaƙin 1880. Da BBC suka maido labarin zamaninmu a 2010 ko harafi basu canza ba a wannan wajen, saboda sojojin Ingila suna can Afganistan ɗin dai bayan shekara 130, a Helmand, makwabciyar Kandahar inda Maiwand ɗin take. Dan Allah in akwai mai The 'Nam na Doug Murray, littafin zane kan yaƙin Biyetnam, wanda ya fara fita a 1986, ya taimaka min da shi, shi marubucin da kansa ya je yaƙin kuma na daɗe ina neman fitowar farko-farkon.