Masu taka birki su sake ba ta wuta

Wallahi na gaji da masu motar nan da za su hango mutum a bakin titi ya ɗaga hannu yana neman a rage masa hanya, su kunna sigina, su gangara gefe, ka saɓi jaka ka ruga kamar wanda kura ta biyo, kana isa bakin ƙofa su ba ta wuta su bar ka da ƙura a baki! Don Allah me kuka tsaya dubawa? Haƙorana ko lambar takalmina? Wanda ya wuce fuu ban riƙe shi a zuciya ba, motarsa ce, tsoron baƙo kuma ba laifi ba ne. Amma kai da ka sauke gilashi, ka tambayi inda na nufa, ka ce can za ka, sannan ka ce babu wuri alhali kujerar baya wayam, sai gorar ruwa ɗaya kwance tana hutawa, gorar ce ta kama kujera uku? Ga mai cewa "shigo, ai taimako ne", a yi awa 2 ana hira, a isa ya miƙo hannu yana neman kuɗin mai da ya fi na motar haya! Ga mai ajiye ka a mararrabar da ko tsuntsu ba ya sauka, rana ta faɗi, waya ba sabis, ya ce "yanzun nan za ka samu wata". Wace wata? Har gari ya yi tsit, wata dai sai na sama, shi kaɗai ya fito!