Ba kowace gobarar daji ce asara ba

Jama'a, da zarar an ce gobarar daji sai mu yi salati mu ce an tafka asara, shi ke nan. Ni dai tun da na hau dutsen Devil's Peak a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu na daina yi wa kowace wuta kuɗin goro.

Dutsen maƙwabcin Table Mountain ne, tsayinsa mita 1,000. In ka ɗauki hanya daga Rhodes Memorial, wani ginin tarihi a gindin dutsen, ka wuce tsohon ginin tsaro na King's Blockhouse, sai hawan ya miƙe tsaye. Akwai inda sanda ba ta da amfani, sai dai ka kama dutse da hannu kana jan jiki, gwiwa na rawa, iska na neman cire maka hula. Can sama in ka waiwaya, za ka hango duk inda wutar ranar 18 ga Afrilu, 2021 ta bi. Kimanin hekta 600 ta lashe.

Ga abin mamaki: tsirran asalin wurin, waɗanda ake kira fynbos, sun dawo shar. A gefen ƙafata na ga baƙaƙen ƙirare, in ka taɓa su hannunka ya yi gawayi, amma a gindinsu sabon toho ne cunkus. Da wuta suka saba rayuwa. Irin wasu daga cikinsu yana kwance a ƙasa shekara da shekaru, ba ya tsirowa sai ya sha hayaƙi. Wasu nau'in tsiro mai fure da ake kira protea kuwa suna riƙe 'ya'yansu a kulle, sai wuta ta wuce su zubar. In aka hana wurin ƙonewa tsawon lokaci, ƙirare ne ke taruwa, ranar da wuta ta kama kuwa ba mai iya tare ta.

To ina ɓarnar take? Dubi gindin dutsen, inda Turawa suka shuka itatuwan pine da suka kawo daga waje. Itace ne mai ƙaro, yana ci da tsananin zafi, yana watsa tartsatsi. Iska ta ɗauki tartsatsin ta tsallake babban titi da shi, ta ƙone Mostert's Mill, injin niƙa mai aiki da iska da aka gina a 1796. Gidan abincin Rhodes Memorial ya tafi. An kwashe dubban ɗalibai daga Jami'ar Cape Town. Wanda ya fi ci min rai shi ne zauren karatu na Jagger na jami'ar, mai ɗauke da littattafai da finafinai da takardun tarihin Afirka. Ana iya sake gini, amma takardar da kwafinta ɗaya ne a duniya fa?

Shi ya sa nake tare da masu cewa a sare baƙin itatuwan da ke jikin gine-gine, a kuma riƙa ƙona yanki-yanki bisa tsari, a lokacin da ya dace. Na san wasu suna son inuwarsu da kyansu, kuma wallahi suna da kyau. Amma inuwa ba ta kai darajar abin da ya zama toka a Jagger ba.

Kada kuma mai cinna wa daji wuta da hunturu don farautar gafiya ya ce na ba shi fatawa. Ba da kai nake ba, malam, taka wutar amfanin gonar maƙwabci take cinyewa.