Su da gangan suke buɗe dam, mu sai ruwa ya ci ƙarfinmu

Shekarata shida ke nan a Arizona amma har yau in na ji an ce za a saki ruwan dam sai gabana ya faɗi. Ni ɗan Sakkwato ne, abin da na sani shi ne Satumbar 2010, da ruwan dam ɗin Goronyo ya sauko ya kwashe ƙauyukka da gonaki, ya yanke hanyar jami'ar Danfodiyo har sai da kwalekwale ake ƙetarewa. To sai ga abokin aikina a Afrilun 2023 yana ce man in shirya mu tai garin Page kallon ambaliya. Kallo fa! Na ce malam lafiyarka ƙalau kuwa?

Ashe da gangan suke yi. Dam ɗin Glen Canyon da ke kan kogin Colorado kusa da garin Page tun 1963 ya tare ruwa, ya tare har yashin da ruwan ke ɗaukowa, sai tudun yashin da ke bakin kogi cikin babban kwazazzabon Grand Canyon ya riƙa cinyewa. A 1996 anka fara gwaji, kwana 7 ana sakin wajen kubik mita 1,270 kowace daƙiƙa don ruwa ya tono yashin gindin kogi ya jibge shi gefe. Sun sake a 2004 da 2008, daga 2012 kuma abin ya zama kusan al'ada, kuma rana da awa duk ana sanarwa tun da wuri.

Ni ba yashin ne ya tsaya man a rai ba, ruwan da ya rage bayan dam ɗin ne, tafkin Powell. Da ina ɗauka ruwan tafki duk ɗaya ne, ashe kamar fura ce da anka dama anka aje, na sama daban na ƙasa daban. Na sama rana na dukan shi iska na kaɗa shi, da ɗumi kuma da oksijin. Na ƙasa sanyi gare shi da nauyi, gishirinshi ya fi yawa, ciyayi da matattun ƙwari suna nutsewa su ruɓe su cinye ɗan oksijin ɗin da ke ciki, in ya daɗe kwance kifi ma ba ya zama. Injinan wutar lantarki daga tsayi guda suke jan ruwa kullum, su kuma bututun da ake buɗewa don ambaliya suna ƙasa da su da kusan mita 30, to da anka buɗe su a 1996 sai sunka zuƙo wani sashe na wannan tsohon ruwan, masu bincike sun auna kafin buɗewa da lokacin da ruwa ke fita da bayan an rufe, sunka ga gishirin ruwan ƙasa ya ragu oksijin ya ƙaru, musamman da yake shekarun an samu sabon ruwa mai yawa yana shigowa. Awon nan shi ne ya burge ni wallahi, ba ƙarar ruwan ba.

Yanzu dubi namu. Ruwan da Goronyo ke sakowa cikin Rima shi ake tacewa ya zo famfo a birni, shi masuntan Kwalkwalawa ke shiga, shi ake ba albasa da shinkafa. Ruwan da mutum zai sha ai ya kamata a riƙa gaya mai halin da yake ciki. Dam ɗin Bakolori kuma tun da anka gama shi a 1978 fadamun da ke ƙasa sunka rasa ambaliyar da ke kawo masu laka duk damina, tambayi kowane dattijo, zai nuna maka inda da ake shinkafa yanzu sai gero.

Ban ce mu kwaikwayi Amurka ido rufe ba. Powell in ya cika zurfinshi ya wuce mita 150, bangon Goronyo wajen mita 21 ne, iskar hunturu kaɗai na iya juya shi. Damuwarmu laka ce da ke cike dam, da takin zamani da ruwa ke wankowa daga gonaki ya haifar da gansakuka, ga ƙafewa irin ta 2018 da ruwan Goronyo ya koma kusan kashi 10 cikin 100. Su ma ba waliyyai ba ne, ruwan da ya bi bututun nan bai ba da wuta, asarar kuɗi ce, kuma a 2021 da 2022 fari ya sa sunka fasa gwajin. Amma a zauna a tsara sakin ruwa kafin dam ya kai wuya, a faɗa a rediyo, a ɗebi ruwan sama da na ƙasa a auna a gaya wa jama'a sakamako, wannan ba sai da dala ba.

Na kira kawuna da ke noman rani na kwashe duk wannan na gaya mai, ya bari har na gama sannan ya ce, "Ɗana, gishirin ƙasan nan ku ya dama. Mu dai a gaya muna ranar, ko da kwana uku ne, mu ɗauke injin ban ruwa."