Kwantar ɗaya, iyali biyar: ina rangwamen talaka?

Rangwamen kuɗin kuran da aka tanadar wa talaka, sai wanda bai wuce kilowat 50 a wata ba yake samunsa. To gidajen haya na Yamai fa, inda iyali biyar ke kan kwantar ɗaya? Bantilater mai wat 60, awa 10 kowane dare, kilowat 18 ke nan a wata. Uku kaɗai sun kai 54, tun ba a lissafa ampul da telebijin ba, balle zafin Afrilu. Kwantar ba ta ƙidaya ɗakuna, faktir sai ta zo da farashin mai hali, a raba da cacar baki. Haba, wannan ba adalci ba ne! A sassauta kuɗin saka kwantar, kowane iyali ya samu tasa.